Gyaran tsofaffin gine-gine ma sana'a ce

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni fili in ja hankalin yaranmu masu karatun injiniya da zanen gini, kowa burinsa ya tsara sabon bene mai gilashi, ba mai waiwayar fannin adana gine-ginen tarihi.

Aikin nan fa ba wasa ba ne. Kafin ka taɓa bango sai ka san da me aka gina shi, ta ina ruwa ke shiga, me ya sa ya tsage, don in ka yaɓa siminti a ginin da aka yi da ƙasa ko farar ƙasa to ka kulle danshi a ciki kenan, bangon zai riƙa ruɓewa ba ka sani ba. Masu wannan aiki har ƙa'idoji gare su, Yarjejeniyar Venice ta 1964, wato ta ƙasa da ƙasa kan adana gine-ginen tarihi, ta ce duk abin da ka ƙara sai a iya bambance shi da na asali.

Maganar albashi kuwa gaskiya ba zan yi wa kowa romon baka ba, galibi bai kai na manyan kamfanonin gini ba, tunda kuɗin daga gwamnati ko masu tallafi yake fitowa, wani lokacin kwangila ta ƙare a zauna jiran wata. Amma ƙwararrun kaɗan ne, in ka goge nemanka ake yi. Cocin Notre-Dame ta Faransa ta ƙone a 2019, aka tara sama da Yuro miliyan 800, injiniyoyi da kafintoci da masu sassaƙa dutse suka sha aiki har aka buɗe ta a Disambar 2024.

Jami'o'i su taimaka su sa darasin a manhaja tun digirin farko.

Naku,
Wani mai karatu