Kun manta da zaɓen cike gurbin Atwima Nwabiagya

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ɗawainiya.

Shirinku na tarihin 'yancin kan Ghana ya yi daɗi amma gaskiya kun yi shi kamar kowa da kowa na bayan Nkrumah ne tun farko har ƙarshe, to ba haka ba ne. Ko zaɓen cike gurbi na Atwima Nwabiagya ba ku ambata ba, ƙauyukan manoman koko ne nan kusa da Kumasi, an yi shi a watan Yuli 1955 Turawa na nan ba su tafi ba.

Rigimar kuɗin koko ce fa. A 1954 gwamnatin Nkrumah ta ƙayyade farashin lodi ɗaya kan sule 72 wai har shekara huɗu, alhali koko na tsada a kasuwar duniya, manomi shi ke shan wahala gwamnati na kwashe ribar tana cewa aikin raya ƙasa za ta yi, wane manomi ne zai yarda? Nan Baffour Akoto, mai magana da yawun Sarkin Asante, ya jagoranci kafa ƙungiyar adawa ta NLM (National Liberation Movement) a Kumasi suna neman tsarin tarayya. Kujerar majalisar dokokin ta CPP ce da ma, wato jam'iyyar Nkrumah, amma da aka ƙirga ƙuri'u B. F. Kusi na NLM ya kayar da ɗan takararsu da fiye da ninki biyu.

Kujera ɗaya ce tak cikin 104, amma ita ta ba 'yan adawa bakin cewa Asante ta juya baya, Ingila ma ta ce sai an sake babban zaɓe kafin ta miƙa mulki. An yi a 1956, CPP ta sake lashewa, wannan kam ba gardama.

Abin da ya fi damuna mu mutanen zango da hannunmu dumu-dumu a siyasar nan, jam'iyyar Musulmi ta MAP tana tare da NLM, kuma bayan 'yanci a 1957 aka kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya. Ku tashar Hausa ce, in ba ku faɗa ba wa zai faɗa? Don Allah ku turo wakilinku Kumasi ya zauna da dattawan zango tun da sauransu.

Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Zangon Kumasi