Kyautar da ta zame mini kaya: butulci ne in na ce a'a?

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, kai da duk ma'aikatan wannan shiri. Allah ya ƙara maka hikima. Ni gwauruwa ce mai 'ya'ya huɗu, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Jaba, kudancin Kaduna. Don Allah a sakaya sunana, domin a ikilisiyarmu kusan kowane gida ana sauraron ka.

Ka san mu nan citta ce arzikinmu. Da ita marigayi mijina ya yi mana rufin kwano, da ita nake biyan kuɗin makaranta. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta tun daga Kachia har Kwoi da Kagarko. Ganye ya yi rawaya ya bushe, in ka tona sai ka tarar ta ruɓe tana wari. Ko iri ban fitar ba. A shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur, komai ya yi tashin gwauron zabi.

Ana cikin haka wata uwa a Zumuntar Mata, matar ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya, ta saya mini injin markaɗe. Ban roƙe ta ba, Allah ne shaida. Ranar da aka sauke shi a ƙofar gida durƙusawa na yi ina kuka, yara na ta tsalle. Har yau da shi muke ci. Tun asuba masu ƙosai suke layi da wakensu, da rana masu tattasai da tumatir, da yamma masu geron kunu. Na gaskata abin da Yakubu 1:17 ya faɗa, cewa kowace kyakkyawar baiwa daga sama take, kuma na ga ƙaunar Allah ido da ido ta hannun wannan baiwar Allah.

Sai dai Baba, abin ya fara canza launi. Da fari markaɗen gidanta ne nake yi kyauta, wannan kuwa da zuciya ɗaya nake yi. Daga nan kowace Asabar sai ta aiko a kira babbar 'yata ta je wanki da shara. Na yi shiru. A taron Zumunta kuwa, da wuya a tashi ba ta sako zancen injin ba. Ko sabon zane na ɗaura sai ta yi dariya ta ce, "Lallai injinmu yana aiki." Mata su yi dariya, ni ma in yi yaƙe, amma in na koma gida abinci ba ya shiga. Gori a gaban jama'a yana da ciwo, ko da cikin raha aka yi shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yanzu ta ce in ba ta yarinyar nan, mai shekara goma sha huɗu, ta kai ta Abuja wurin 'yarta ta riƙa rainon jariri. Wai za a sa ta a makaranta a can. Baba, mun ga yaran da aka kai birni da irin wannan alkawari, mun ga yadda suka dawo. Yarinyar tana da ƙoƙari, burinta aikin jinya. Da na ce zan yi tunani, sai matar ta ce ashe haka mutane suke da saurin mantuwa. Yayana ma bai goyi bayana ba, cewa ya yi kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Maganar butulci ita ke hana ni barci. Ina tuna kutare goma na Luka 17, waɗanda ɗaya tak ya komo ya yi godiya, Yesu kuma ya tambayi ina sauran taran. Ba na so a lissafa ni cikin taran nan. Amma shi wanda ya komo, a gaban Yesu ya faɗi yana ɗaukaka Allah, ba a ce ya biya komai ba. Kuma ai Ubangiji da kansa ya ce a Matiyu 6:3, in za ka yi kyauta kada hannunka na hagu ya san abin da na dama yake yi. To ni wanne zan kama? Addu'ata ma ta yi nauyi. In na buɗe baki zan gode wa Allah saboda injin, sai fuskar matar nan ta faɗo mini a rai, godiyar ta maƙale.

Ga godiyar kaka tana zuwa a watan Nuwamba. Na yi niyyar fita da buhun masara da kaza, in ba da shaida a gaban ikilisiya. Ita tana jiran in ambaci sunanta, na sani. Ni kuma ina tsoron in na yi haka na ƙara ɗaure kaina.

Baba, ka ba ni shawara. In na hana ta 'yata, na yi wa Allah butulci ne, ko mutum kawai na saɓa wa? In tara kuɗi a hankali in mayar mata da kuɗin injin, ko yin haka raina kyauta ne? Na so in kai maganar wurin fastonmu, amma mijinta na cikin dattawan da suke zama da shi, ina gudun ƙaramar magana ta zama babba. Ka kuma sa ni cikin addu'a, domin ba na son in riƙe matar da ta ciyar da 'ya'yana a zuciya.

Taka cikin Ubangiji,
wata mai sauraro daga ƙasar Jaba.