Wasiƙar Labarai ta Makaranta: Auna Amfanin Ɗakin Karatunmu da Alƙaluma

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun keɓe wasiƙar wannan zango ga magana ɗaya, wato ɗakin karatun makaranta da yadda muke so mu riƙa nuna amfaninsa da alƙaluma maimakon yabon fatar baki. A duk lokacin da aka zauna rabon kuɗin gudanar da makaranta, ɗakin karatu yana cikin wuraren da ake fara rage wa kaso, domin ba shi da jarrabawar kansa, ba ya fitowa a takardar sakamakon yaro, kuma ko an shekara ba a sayi sabon littafi ba, babu wanda zai koka nan take. Ɓarnar sai can gaba take bayyana, lokacin da aka tarar yaro ya kai babban aji amma har yanzu yana bin layi da yatsa, yana tsayawa a kan kowace doguwar kalma. Mu da muke ganin yaran nan kullum ba mu da shakka a kan darajar wannan ɗaki, amma wanda ke riƙe da kasafin kuɗi yana da hakkin ya nemi hujja, kuma gani ya kori ji.

Matsalar karatu ba ƙarama ba ce a duniya. A shekarar 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin ɗari na yaran ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi a lokacin da suka cika shekara 10, sannan a 2022, bayan rufe makarantu saboda annobar korona, ƙiyasin ya tashi zuwa kashi 70. An zaɓi shekara 10 ne domin daga nan kusan kowane darasi ya dogara da karatu. Yaron da bai fahimci tambayar da ke gabansa ba zai faɗi lissafi ko da kuwa ya iya lissafin.

Masana sun daɗe suna bin diddigin rawar da ɗakin karatu ke takawa a wannan fage. A 1993 Keith Curry Lance da abokan aikinsa sun fitar da bincike a kan makarantun jihar Colorado ta Amurka, inda suka gano cewa makarantun da ɗakunan karatunsu suka fi samun ma'aikata da littattafai da kuɗin gudanarwa, ɗalibansu sun fi cin jarrabawar karatu, kuma bambancin bai gushe ba ko da aka yi la'akari da halin talauci na yankunan da makarantun suke. An maimaita irin wannan bincike a wasu jihohi, ciki har da Alaska da Pennsylvania, aka sami sakamako mai kama da na farko. A jihar Ohio kuwa, Ross Todd da Carol Kuhlthau sun tambayi ɗaliban ne da kansu, su fiye da 13,000 daga makarantu 39, kuma fiye da kashi 99 cikin ɗari suka ce ɗakin karatu ya taimake su ta wata fuska a karatunsu. Gaskiya ta sa mu ƙara da cewa makarantun Ohio ɗin an zaɓe su ne saboda an riga an san ɗakunan karatunsu na aiki sosai, don haka abin da binciken ya nuna shi ne amfanin ɗakin karatu mai inganci, ba na kowane ɗaki da aka jera littattafai aka kulle ba. Sanarwar da hukumar UNESCO da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, suka amince da ita a 1999 ita ma ta jaddada cewa ci gaban ɗalibai yana ƙaruwa ne idan malamin aji da mai kula da ɗakin karatu suna aiki tare.

Duk da haka, waɗancan yara ba namu ba ne, kuma alƙaluman wata ƙasa ba za su gaya mana ko ɗanku ya ci gaba daga farkon shekara zuwa ƙarshenta ba. Shi ya sa muka ƙuduri aniyar tattara namu.

Abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne yawan littattafan da aka ara da yawan yaran da suka shigo, kuma muna rubuta waɗannan a rajista tun da daɗewa. Sai dai jimilla takan ruɗi mutum. A ce aji mai yara 40 ya ari littattafai 200 a zango guda. Idan aka raba, sai a ce kowane yaro ya karanta 5, kowa ya yi murna. Amma yana yiwuwa yara 8 ne suka ari 25 kowannensu, sauran 32 kuwa ko ƙofar ɗakin ba su taka ba. Lissafin daidai ne, amma labarin da ya bayar ƙarya ne. Saboda haka daga yanzu adadin da za mu fi sa wa ido shi ne na yaran da zango ya ƙare ba su ari ko littafi ɗaya ba, aji bayan aji, maza da mata daban, domin waɗannan su ne ɗakin karatu bai kai gare su ba, kuma su ne suka fi bukatarsa.

Littattafan kansu ma suna ba da shaida ga wanda ya duba. Akwai littafin da bangonsa ya yage har an liƙe shi, gefen shafukansa sun yi duhu saboda yawan hannu, katin da ke bayansa ya cika da kwanan wata. Kusa da shi kuma akwai wanda har yanzu yake ƙamshin sabo, katinsa fari fat. Na farko yana cewa a ƙaro irinsa, na biyu kuma yana sa mu tambayi kanmu ko ya yi wa yaran wuya ne, ko an ajiye shi a inda hannunsu ba ya kaiwa, ko kuma babu malamin da ya taɓa nuna musu shi. Za mu kuma rubuta shekarar da aka buga kowane littafin kimiyya da na taswira. Littafin da har yanzu yake lissafa Pluto a matsayin ta tara cikin duniyoyin da ke kewaya rana ya riga 2006, shekarar da masana taurari suka sauya mata matsayi, kuma taswirar da ba ta nuna Sudan ta Kudu ba ta riga 2011. Idan muka iya faɗa wa hukumar gudanarwa adadin irin waɗannan da ke kan kantocinmu, roƙon sabbin littattafai ya tashi daga ƙorafi ya zama bayani.

Babban aikin dai shi ne auna abin da ya sauya a tare da yaron. A ƙananan azuzuwa malami zai zauna da yaro shi kaɗai, ya ba shi rubutun da ya dace da ajinsa, ya saurare shi yana karantawa a bayyane na minti ɗaya, ya ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, sannan ya yi masa 'yan tambayoyi don ya ga ko ya gane abin da ya karanta, domin sauri ba tare da fahimta ba ba karatu ba ne. Za a yi haka a farkon shekara da tsakiyarta da ƙarshenta, kamar yadda ake ɗora jariri a kan ma'auni a asibiti ana cika masa katin awo, inda abin dubawa shi ne ko layinsa na hawa, ba wai ko ya fi ɗan wani nauyi ba. A manyan azuzuwa kuma za mu duba aikin bincike da suke rubutawa: ko ɗalibi ya nemo bayani daga wuri fiye da ɗaya, ko ya faɗi inda ya samo shi, ko ya iya rarrabe shafin intanet abin dogaro da wanda kowa zai iya rubuta abin da ya ga dama a kai, da kuma ko ya mayar da bayanin cikin kalmominsa ne ko kwafa kawai ya yi. Mai kula da ɗakin karatu zai riƙa rubuta darussan da ya shirya tare da malaman aji, don mu kwatanta aikin ɗalibai kafin irin wannan haɗin gwiwa da kuma bayansa.

A nan akwai wurin da ya wajaba mu yi hattara. Idan alƙaluma suka nuna cewa yaran da suka fi aron littafi sun fi cin jarrabawa, wannan kaɗai bai tabbatar da cewa aron ne ya kawo nasarar ba, domin yaron da ya riga ya iya karatu shi ne yake jin daɗinsa, shi ne kuma yake komawa ya ɗauki wani. Masanin halayyar ɗan Adam Keith Stanovich ya yi bayanin wannan a 1986, cewa mai ƙarfi a karatu ƙara ƙarfi yake yi saboda yana yawan karantawa, mai rauni kuma yana guje wa littafi, tazarar da ke tsakaninsu tana ta faɗaɗa. Don haka za mu riƙa gwada kowane yaro da matsayinsa na baya, mu fi mai da hankali ga waɗanda suka fara daga ƙasa. Haka kuma ba za mu sa gasar wanda ya fi yawan aro ba, domin da zarar adadi ya zama abin neman kyauta, yara za su riƙa ɗaukar littafi da safe su dawo da shi da rana ba tare da sun buɗe ba.

Abin da yaro yake karantawa amana ce a hannunmu. Rahoton da za mu fitar ba zai ɗauki sunan kowa ba, ba za a karanta sakamakon wani yaro a gaban 'yan ajinsu ba, kuma wannan awo ba zai shiga makin jarrabawa ba. Uba ko uwa ko mai riƙon da yake son ya ga ci gaban yaronsa yana iya zuwa wurin malamin aji a nuna masa a keɓe.

Akwai ɓangaren da ba ma gani daga makaranta, wato abin da ke faruwa bayan littafin ya shiga jaka ya tafi gida. Tare da wannan wasiƙa akwai gajeriyar takardar tambayoyi, inda muke son sanin ko yaronku yana zuwa da littafin aro, ko kuna ganinsa yana buɗewa, ko yana ba ku labarin abin da ya karanta, da kuma abin da yake hana shi idan ba ya yi, ko rashin haske ne da dare, ko yawan aiki, ko tsoron kada littafin ya ɓata a ce ya biya. Muna roƙonku ku ba da amsa yadda abin yake, ko da amsar "a'a" ce daga sama har ƙasa, domin amsar da aka ƙawata don a faranta mana rai za ta sa mu kashe kuɗi a inda ba a bukata. Wanda rubutu zai yi masa wahala yana iya gaya wa malamin aji da baki a rubuta masa.

A taron iyaye da malamai na ƙarshen shekara za mu gabatar muku da sakamakon a shafi ɗaya, cikin harshe mai sauƙi, da abin da ya yi kyau da abin da bai yi ba, kuma shi ne za mu miƙa wa hukumar gudanarwa kafin a tsara kasafin shekara mai zuwa. Da shi za a yanke shawarar irin littattafan da za a saya, da ajin da za a ƙara wa lokacin shiga ɗakin karatu, da ko ya kamata a bar ɗakin a buɗe bayan tashi daga makaranta. Muna roƙon a dawo da takardar tambayoyin ta hannun yara cikin mako biyu da samun wannan wasiƙa, tare da duk wani littafin aro da ya daɗe a gida, ko da ya yage, domin a gyara shi a mayar da shi cikin lissafi.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka.

Naku,
Shugaban Makaranta
tare da Mai Kula da Ɗakin Karatu