Sanarwa kan rajistar WAEC ta yara masu buƙata ta musamman

Assalamu alaikum, iyaye da malamai.

Duk wanda yaronsa zai zana jarrabawar WAEC bana, kuma yana da lalurar gani, ji, ko riƙe alƙalami, ya sanar da shugaban makarantarsu tun lokacin rajista, domin ta hannun makaranta bayanin ke isa ga hukumar, wadda babban ofishinta na Najeriya ke Yaba, a Legas. Tana tanadar wa makafi tambayoyi da rubutun makafi, masu raunin gani kuma da manyan haruffa, tare da ƙarin lokaci. A tafi da takardar likita.

Bara, 'yar maƙwabcina a Agege ta riƙa kara takarda dab da idonta har aka karɓe, alhali da an faɗa da wuri, da ba ta sha wannan wahalar ba.