Batiatus ya fi Ashur mugunta

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah a ba ni fili kan shirin talabijin ɗin nan na 2010, Spartacus, labarin wani bawa da ake sa shi faɗa a fili don nishaɗin 'yan kallo a tsohuwar daular Rum (ba kallon yara ba ne fa). Kowa Ashur, wani bawa a gidan da Spartacus yake, yake tsine wa saboda ya ƙulla wa Barca, ɗaya daga cikin bayin da ke faɗa, sharri aka kashe shi don kar ya biya shi kuɗin caca, amma ni a wurina ubangidansu Batiatus ne uban macuta, shi ya yi wa Spartacus alƙawarin dawo masa da matarsa Sura kuma shi ɗin dai ya sa aka kashe ta a hanyar zuwa garinsu Capua don kar hankalin bawansa ya bar filin faɗa. Ashur ko ba komai raini ya sha bayan ya gurgunce. Batiatus fa? Kwaɗayin zama da manyan Rum kawai.

Naku,
Mai karatu daga Zariya