Godiya ga ofishin digirin farko na Makarantar Kasuwanci ta McCombs

Zuwa ga ma'aikatan ofishin da ke kula da masu neman sauya tsangaya zuwa McCombs, Jami'ar Texas da ke Austin, Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa, mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole. Abin da ya fi burge mu shi ne ba ku ɓoye wa ɗalibi gaskiya. Tun a taron bayani da kuke shirya wa masu son shigowa daga wasu tsangayoyi, kuna faɗa ƙarara cewa cika sharaɗi daban, samun kujera daban. Masu nema sun fi gurabe yawa, kuma sau ɗaya ake ɗauka a shekara: a miƙa takarda a watan Mayu, wanda ya dace ya fara a zangon kaka.

Sharuɗɗan ma kun baje su a fili. Sai ɗalibi ya kammala lissafin kalkulas, da darussan tattalin arziki biyu, ECO 304K da ECO 304L, sannan ya tara awa 24 na karatu (wato kiredit 24, ma'aunin nauyin darussa) a cikin jami'ar kanta. A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Yaro zai shigo da kiredit ɗin da ya samu ta jarrabawar AP (ta darussa masu matakin jami'a) tun yana sakandare, ko ya ɗauki wani darasi a kwalejin al'umma ta Austin don ya fi araha, ya ɗauka duk lissafi ɗaya ne. Za a iya karɓar darasin, amma ba ya shiga awa 24 ɗin, makinsa kuma ba ya taɓa GPA ɗin jami'ar, wato matsakaicin makin ɗalibi. Wanda ya ji wannan a watan Satumba yana da damar gyara jadawalinsa. Wanda ya ji a Afrilu kuwa sai dai ya jira wata shekara.

Haka batun nauyin darasi. Lambar farko a jikin kowane darasi ita ce yawan awanninsa, wato M 408K, darasin kalkulas, awa huɗu ne, ECO 304K uku. Ɗalibin da ya yi awa 24 ya ci A a komai, amma ya sami B a kalkulas ɗin nan, GPA ɗinsa zai sauko daga 4.0 zuwa 3.83. In C ce, 3.67. Darasi ɗaya kenan. Shi ya sa kuskure ne a cusa kalkulas da wasu darussa masu tsauri uku a zango guda don a nuna bajinta. Janyewa daga darasi ma ba mafita ba ce kullum, tunda dokar Texas ta taƙaita shi ga sau shida a duk tsawon digiri, ɗalibin da ya zo da bizar karatu kuma dole ya riƙe aƙalla awa 12 a zango.

Muna kuma yaba yadda ba maki kaɗai ake dubawa ba. Ana karanta takardar tarihin aiki da rubutun da ɗalibi ya yi kan dalilinsa na son kasuwanci, don haka wanda ya yi aikin kanti ko ya riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai yana da abin faɗa. Masu rubuta cewa suna son McCombs ne saboda sunanta, su ne ke cutar kansu.

Wanda bai samu ba kuma hanya ba ta toshe masa ba. Yana iya neman digirin tattalin arziki a Tsangayar Liberal Arts ta jami'ar, ya haɗa da ƙaramin fannin kasuwanci da makarantarku ke bai wa ɗaliban wasu sassa, kuma darussan da ya riga ya yi ba su tafi a banza ba.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira.

Daga wasu iyaye da malamai Hausawa mazauna Texas.