Ɗan farina ya daina wasa: kunyata ce ko bulalar babansa?

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, ke da duk masu taya ki gabatar da wannan shiri. Allah ya saka da alheri.

Ni malamar firamare ce a nan Kano, shekaruna 31, yarana uku. Maganar babban ce ta sa na ɗauki biro. Shekararsa bakwai. Ba zan rubuta sunansa ba, kuma ba don ɓoye sirri kaɗai ba: ɗan fari ne, ga shi sunan surukina ya ci, don haka tun ranar suna bakina bai taɓa furta shi ba. "Kai yaron nan" nake ce masa.

Yau wata huɗu ke nan ya canza mini. Da shi ne sarkin ƙiriniya a layinmu, sai an je an janyo shi daga wajen ƙwallo bayan magariba. Yanzu in ya dawo daga Islamiyya, bayan ƙofa yake samu ya haɗa kai da gwiwa. Motar gwangwanin da ya ƙera da hannunsa, wadda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya miƙa wa ƙaninsa ya ce ya bar masa. Kullum da safe ciwon ciki. Sau biyu muna zuwa asibiti, an yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, an ba shi maganin tsutsar ciki, ba a ga komai ba. Fitsarin kwancen da ya bari tun yana shekara uku ya dawo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da ƙanwarsa ta ɓarar da koko. A gabana ta ɓarar, amma ya zo ya tsaya ya ce, "Umma ni ne. Ai ni ba ni da kirki." Anti, wa ya koya wa yaro wannan magana in ba mu ba?

Babansa ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. A-daidaita-sahu yake ja, ba nasa ba ne, kullum sai ya kai balas. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 fara'arsa ta tafi. Ya fita da asuba, ya dawo bayan isha'i, kuma abin da ke haɗa shi da yaron ɗaya ne: "Zo ka biya mini haddarka." Ya kuskure aya ɗaya, sai wayar caja. In ya yi kuka a ƙara masa, wai namiji ba ya kuka. Ita kuwa macen, a cinyarsa take cin tsire. In na yi magana ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su ma haka aka yi musu, ga shi sun zama mutane. Shi kansa ina jin sa cikin dare yana juyi, barci ya gagare shi.

To amma in na tsaya a kansa na yi son kai. Nawa laifin shi ne shiru. Da alkunya aka tarbiyyantar da ni. Mahaifiyata ta ce, ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi, na kuma riƙe. Ban taɓa yi wa yaron nan wasa a gaban mutane ba. In ana dukansa kicin nake shigewa in kama wanke-wanken da babu shi, don kada a ce ba ni da kara. Bayan haihuwata ta uku kuma na yi watanni ina kuka ba dalili, ko magana ba na so, shi ne yake zaune yana kallona yana jijjiga jaririya.

Kwanan nan na gano wani abu da ya hana ni sukuni. Ni ma 'yar fari ce, ni ma mahaifiyata ba ta kama sunana. Amma a babban gida na tashi. In ta share ni, ɗakin kakata na nan, ga goggo, ga matan baffanni, kowa na ja na a jiki. A bayan kaka na yi wayo. Alkunyar uwa ba ta cutar da ni ba saboda akwai masu cike gurbin. Mu kuwa ɗaki biyu muke haya, nesa da dangi. Na ɗauko kunyar na baro kakar a can. Yaron nan ya juya dama bulala, ya juya hagu uwa ta kau da kai. Wa zai je wa?

Abin kunyar ma, na karanta wannan lokacin da nake NCE. An koya mana Diana Baumrind, Ba'amurkiyar da tun shekarun 1960 ta kasa tarbiyyar iyaye gida uku: masu tsanani ba tausasawa, masu sakin yaro ba tsawatarwa, da masu kafa doka suna kuma jan yaro a jiki. Na haddace, na ci jarrabawa, na dawo gida na yi abin da na gada. Da abin ya ishe ni na shiga bincike a waya, na ci karo da aikin wata likitar ƙwaƙwalwar yara, Joan Luby ta Jami'ar Washington da ke St. Louis, wadda ta nuna ciwon damuwa na iya kama yaro tun yana shekara uku. Alamomin da aka lissafa kamar a gidana aka zauna aka rubuta: daina jin daɗin wasa, yawan fushi, canjin barci, ɗora wa kai laifi. Maganin da ta gwada kuma ba ƙwaya ba ce, iyaye ake zaunarwa tare da yaron a koya musu yadda za su saurare shi. Wato mu ne abin gyaran.

Da na faɗa wa uwar mijina, dariya ta yi. "Damuwar me? Haya yake biya ko cefane?" Ta ce kambun baka ne ko shafar aljanu, ta aiko da rubutu. Na ba shi ya sha, kuma ba na fasa yi masa tofi da safe da dare. Sai dai ina tuna hadisin Aƙra'u bin Habis, da ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Makon jiya na yi ƙarfin hali. Ƙannensa na barci, na jawo shi na rungume. Jikinsa ya sandare kamar itace. Ya ɗago ya ce, "Umma, me na yi?"

Anti, ta ina zan fara? Shin na makara ne, ko yaro ɗan shekara bakwai zai iya sabawa da uwar da bai sani ba? In kai shi sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko in jira in ga abin da canjin hali a gida zai yi? Kin san mutanenmu, da an ji likitan ƙwaƙwalwa sai a ce an kai shi Dawanau, tambarin ya bi shi har girma. Kuma ba zan iya kai shi ba da izinin babansa ba. Yaya zan tunkari maigidan ba tare da ya ji kamar na ce ya gaza ba, alhali ina zargin shi ma abin nan yana cin sa?

Yana sauraron shirinki a rediyon wayarsa in yana jiran fasinja. Don Allah in za ki amsa, ki yi wa iyaye maza magana kai tsaye, amma ki sakaya zancen a-daidaita-sahun da na kokon, kada ya gane daga gidansa wasiƙar ta fito.

Taki,
Wata uwa daga Kano